Ramin Gonar Alhaji Garba

Kwanan baya wata ɗaliba ta shigo mini labo, ɗakin gwaje-gwajenmu, farce ya sha jan fenti, ta dire ledar ƙasa a kan teburina ta ce, "Madam, ga samfurin, yaushe zan dawo in karɓi sakamako?" Na ce daga ina kika ɗebo? Ta ce gonar kawunta, can bayan Banikanni. Na ce a wane zurfi? Sai ta tsaya tana kallona kamar na tambaye ta sunan kakan kakanta. Ashe mai moto, wato ɗan acaɓa, ta aika, shi ya kankaro mata da bakin fartanya. To, saboda ita da ire-irenta na ce ku zauna in yi muku magana, ku da kuke ganin binciken ƙasa ba wani abu ba ne illa a ɗiba a leda, a zuba a inji, a jira takarda ta fito. Ku ajiye wayoyin nan tukuna, ba gudu za su yi ba.

Ni 'yar Zongo ce, nan cikin Paraku. Mahaifina mahauci ne, kuma har ya koma ga Allah bai gane abin da nake yi ba. In an tambaye shi sai ya ce, "Safiya? Ta yi karatu har ta gaji, yanzu rami take tonawa." Bai yi ƙarya ba kuwa. Aikin gona na karanta, na ɗauki fannin ƙasa, na ƙarar da ƙuruciyata ina shiga rami ina fita, daga Paraku har Jugu da ƙauyukan da ke tsakani.

Wanda ya koya mini aikin wani dattijo ne mutumin Borgu, Tsoho Biyo muke ce masa, Allah ya jiƙansa. Ranar da na fara bin sa, ya saukar da ni cikin rami, ya yanko ɗan curin ƙasa ya ɗora mini a tafin hannu ya ce, "Tofa mata yawu." Na ce, "Malam?" Ya ce, "Tofa ki murza, ba suruki a nan." Na tofa na murza. In ta miƙe ta yi tsawo kamar taliya, yumɓu ya yi yawa. In ta wargaje, rairayi ne. In ka rasa gane ta, ka ɗora a haƙori ka ji ko tana ƙaras-ƙaras. Na ci ƙasar Borgu da ta Jugu fiye da tunaninku, ga ni kuma ban mutu ba. Kayan aikinmu ba su da yawa: diga da shebur, wuƙa mai kauri, mita ta awo, littafin launuka da ake kara ƙasa a jikinsa a ga wane ja ne ko wane baƙi, sai tariyer, wato dogon ƙarfen nan mai murɗaɗɗen baki da ake huda ƙasa da shi a zaro abin da ke ciki ba tare da an tona ba. Injinan labo daga baya suke zuwa. Inji ba ya sanin inda aka ɗebo abin da aka ba shi, in ka ba shi shirme shirme zai mayar maka, da hatimi a kai.

Akwai wani aiki da muka yi wa masu gina hanya a wajen Jugu. Sun yi kwalbati, damina ta zo ya nutse, suka sake, ya sake nutsewa. Injiniyansu ya ce siminti ne ba shi da kyau. Muka tona a gefe, sai ga baƙin yumɓu mai kumbura in ya sha ruwa, ya tsattsage in ya bushe. Suka matsa gaba kaɗan suka gina, yana nan har yau. Mun yi wa 'yan ƙungiyar auduga, mun yi wa mata masu lambun tumatir, mun yi wa masu dashen kaju, wato yazawa. Ɗalibai kuwa ba irin da ban gani ba. Wani ya yi shekaru yana bin gidajen gara yana auna abin da suke fitowa da shi daga ƙasa. Wata ɗaliba kuma tsutsar ƙasa take ƙirgawa, har ƙawayenta suka sa mata suna da ita. Duk wanda kuka ga ya tsaya gaban malamai da kwat yana kare tez ɗinsa, wato kundin bincikensa, a fanninmu, ku duba ƙarƙashin farcensa.

Abu guda da Tsoho Biyo ya fi nanata mini shi ne, rami saboda rana ake tona shi. Bangon da za ka karanta dole hasken rana ya faɗa masa kai tsaye, domin a inuwa launin ƙasa ƙarya yake yi. Mu kuwa kafin mu taso daga gari, mu sha hanyar daji, a gama tono, rana ta riga ta karkata yamma. Saboda haka bangon gabas muke gyarawa mu karanta, tsawon ramin kuma ya kwanta daga kudu zuwa arewa. Haka aka koya mini, haka na yi shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa cewa uffan. Muna gama karatu mu mayar da ƙasa mu tafi a ranar.

Sai shekarar da doya ta ruɓe a wajen Kolokonde. Manoma su tona kunya su tarar doya ta zama kamar dafaffiya, wari kawai. Wasu suka ce iri ne, wasu suka ce taki ne, wasu suka ce baki ne. A lokacin ina da ɗalibi mai neman digirin dokta, Selesten, ɗan kudu ne daga bakin teku, Kirista, magidanci da 'ya'yansa, mutum mai natsuwa. Shi tunaninsa, akwai marmara shimfiɗe a ƙarƙashin gonakin, in damina ta yi nisa ruwa ya kasa wucewa sai ya taru a kanta ya hauro sama ya jiƙa doyar daga ƙasa. Magana ce mai ma'ana, amma sai an gani da ido. Ke nan ana bukatar rami da za a bari a buɗe tun farkon damina har ƙarshenta, ana zuwa ana auna ruwan. Duk tez ɗinsa a kan wannan ramin ta rataya.

Gonar da muka samu ta Alhaji Garba ce. Asalinsu fataken goro ne na Jugu, shi ne da girma ya zo masa ya bar kasuwa ya koma ƙauye ya kafa gida a bakin gonarsa. Lokacin yana kwance ba shi da lafiya, sai babban ɗansa Ilyasu, mai sayar da shanu, ya ba mu izini. Muka ɗauki mutum biyu 'yan ƙauyen su yi tono. Na ja musu layi kamar kullum, kudu zuwa arewa, tsawon ya ɗan fi na dogon mutum. Suka tona suna hira suna dariya har ya kai musu ƙugu. Daga nan ƙasa ta yi tauri, Selesten ya ce ba sai an wahalar da su da faɗin duka ba, a tsaga siriri a tsakiya, faɗin kafaɗa, ya bi tsawon ramin har ya taɓa marmara, a nan ruwan zai fara bayyana. Na ce dabara ce mai kyau.

Suna cikin tsaga ƙaramin ramin sai na lura hira ta mutu. Ba ka jin komai sai ƙarar diga. Can babbansu ya ɗago ya ce, "Madam, na wane ne?" Na ce, "Na furoje ne, aikin bincikenmu." Ya dubi ɗan'uwansa, ya ajiye diga, ya fito ya wanke hannu da ƙafa da ruwan jarkarmu, suka kama hanya ko sallama babu. Na bi su da masifa, na ce ragwaye kawai. Selesten ya tuɓe riga ya ƙarasa da kansa. Don kada ƙasar bango ta zubo ta cike tsagar, ya saro gajerun itatuwa ya jera su a kai a gicciye, ya rufe da ganye, ya liƙe gefe da ɗanyar laka. Sama kuma muka kafa 'yar rumfar zana don kada ruwan sama ya faɗa ciki ya ɓata awo. Na tsaya na duba na ce, "Tsaf! Ban taɓa ganin rami mai kyan wannan ba."

Na ga wasunku maza sun fara sunkuyar da kai, kun gane. Ni ban gane ba. Yo ta ina zan gane? Mu mata iyakarmu ƙofar gida, a ɗauki gawa a fita, mu koma ciki mu yi kuka. An binne uwata an binne ubana, ban taɓa leƙa cikin kabari ba. Selesten kuma su da akwati suke binnewa, a shafe da siminti. Ni da na fi kowa shiga rami a ƙasar nan, ramin nan guda ne ban san siffarsa ba.

Da muka dawo awon farko, bayan la'asar, sai ga Ilyasu ya goyo mahaifinsa a moto, wai ya ɗan ji sauƙi yana so ya ga gonarsa. Dogon tsoho ne, fari, siriri, da sanda. Muka gaisa, na durƙusa, ya sa mini albarka. Ya taka a hankali har bakin ramin. Ya dubi itatuwan da aka jera. Ya ɗaga kai ya dubi gabas. Ya sake duban ramin daga wannan kai zuwa wancan. Sannan ya zare takalmansa ya ajiye gefe, ya juyo gare ni, muryarsa ƙasa-ƙasa, ba faɗa ba tsawa.

"'Yata, wa ya ba ku tsawona?"

Wallahi tsigar jikina ta tashi tun ban san dalili ba. Ilyasu ya leƙa, ya ja da baya yana salati. Shi ya ja ni gefe ya yi mini bayani: babban rami, ƙarami a cikinsa, itace a gicciye, ganye, laka, ga fuska tana duban alƙibla. Ko masu aikin makabarta iyakar abin da za su yi ke nan. Na ce, "Baba, don Allah ka yi haƙuri, aikin bincike ne, yanzun nan za mu rufe shi." Na dubi Selesten, fuskarsa ta yi fari fat, don in an rufe ramin shekararsa ta tafi, amma duk da haka shebur ya ɗauka.

Alhaji ya ɗaga sanda ya tare shi. "Kul. Ba a mayar da ƙasa a kan wofi. In kun rufe shi ba kowa a ciki, wani zai nema a gidana, ni kuwa ina da jikoki. Ku bar shi. Nawa ne."

Daga ranar ya daina cin abinci, sai 'yar kurɓar kunu. Ya aika Jugu aka yanko masa likkafani. Ya rarraba rigunansa. Limamin ƙauyen ya zo ya zaunar da shi ya ce, Alhaji, wannan camfi ne, ajali a hannun Allah yake, rami ba ya kiran kowa. Ya ce, "Na sani, Malam. Amma ina kwance ina roƙon Allah ya nuna mini matsayina, na tashi na tarar baƙi sun zo daga Paraku sun tona a gonata daidai ni. Me kake so in ce?" Ilyasu ya same ni a masaukinmu na Jugu idonsa jawur ya ce, "Madam, rufewa ya hana, barinsa kuma yana cinye shi. Ke kika tona, ki san yadda za ki yi." Ban san yadda zan yi ba. A littattafan da na karanta ba inda aka yi maganar wannan.

Selesten ya samu abin da yake so, rami a buɗe, amma ban taɓa ganin ɗalibin da ya tsani zuwa filin aikinsa kamarsa ba. Duk mako in mun iso, sai mu tarar an share kewayen ramin fes, an yayyafa ruwa. Tsohon yana zaune a gindin kaɗanya a kan buzu, kullum ya fi na wancan makon ramewa, wuyansa kamar sillen kara. Sai ya ce, "Ɗana, yaya ɗakin nawa?" Selesten ya sauka, ya ɗage itace, ya zura mita, ya ce, "A bushe yake, Baba." Tsohon ya ce, "Madalla." Damina kuma ta yi mana gardama a shekarar, a yi yayyafi a ɗauke, hadari ya haɗu baƙi ƙirin ya watse. Wurin ya yi wani irin shiru. Awakin gidan da ke bin ko'ina ba sa zuwa nan. Na san za ku ce don ana korarsu ne. Wataƙila.

Wata rana Selesten ya ɗage itatuwan sai na ji ya ce, "Madam, zo ki gani," da wata murya da ban san shi da ita ba. Na sauka. A kan lallausar ƙasar da ke ƙasan tsagar, ga shatin mutum kwance. Ga inda kafaɗar dama ta danna, ga ƙugu, ga gwiwa, ga gurbin kunci yana duban bangon gabas. An kuma mayar da itatuwan an jera yadda suke. Na hauro. Na je gindin kaɗanya na durƙusa na ce, "Baba, kai ne?"

Ya ce, "Gwadawa na yi da hantsi, da mutane suka tafi gona. Ya yi mini daidai. Kafaɗa ce kawai ta ɗan matse, amma ina ramewa ai."

A hanyar komawa Selesten ya tsayar da mota ya fita ya yi amai. Ya dawo ya ce shi ya haƙura da tez ɗin, a rufe ramin da tsakar rana ko tsohon ya yarda ko bai yarda ba. Na ce in ka rufe, jikansa ya yi ko zazzaɓi ne, ka kashe tsohon da hannunka. Ya tayar da mota muka ƙarasa Jugu. Na ji tsoro a lokacin, tsoro na gaske, irin wanda ban ji ba ko ranar da bango ya rufto mini har ƙirji.

Sai cikin watan Agusta sama ta buɗe. Aka yi ta ruwa ba ƙaƙƙautawa, hanyar Kolokonde ta zama kogi, muka bar mota muka ƙarasa a ƙafa. Lokacin Alhaji ba ya iya tafiya, a kujera aka ɗauko shi aka ajiye a bakin ramin, don ya ce sai ya gani. Rumfar zana tana nan ba ta yoyo. Selesten ya sauka ya ɗage itacen farko. Sai ga ruwa, garau, ya cika tsagar har baki, ba ya ko motsi. Muka leƙa muka ga fuskokinmu a ciki, da ta tsohon a tsakiya.

Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ta sama ya shiga?"

Na ce, "A'a, Baba, daga ƙasa ya hauro. Akwai marmara a ƙarƙashi, ba ta barinsa ya wuce. Duk shekarar da aka yi ruwa sosai haka yake yi. Shi ke ruɓar maka da doya."

"Duk shekara?"

"Duk shekara."

Ya gyara zama ya ce, "To ni doya ce? Ba a sa Musulmi cikin ruwa. Wannan ba nawa ba ne, ba kuma na kowa ba ne. Rijiya kuka tona, 'yan banza." Ya waiwaya ya ce wa Ilyasu, "Me aka dafa a gidan nan?" Ranar a gabana ya cinye malmalar sakwara da miyar kuɓewa yana faɗan gishiri bai ji ba. Selesten ya zauna a kan tulin ƙasa, mita a hannu, yana dariya hawaye na zuba. Ya samu amsar bincikensa, aka ba manoman shawara su ɗaga kunya su kuma kai doya kan tudu. Da kaka ta yi, da izinin Alhaji muka rufe ramin.

Na ɗauka magana ta ƙare. Ranar da muka rufe, ya kira ni ya ce, "'Yata, tunda ke kin san cikin ƙasa, ga aiki. Mu nan dattijo a ƙasar gidansa ake binne shi. Ki nemo mini inda ruwa ba ya hawa." Na ga abin da rami ya yi wa mutumin nan. Na ce a raina, ranar da na nuna masa wuri na ce nan ne, ranar zai sake ajiye cokali. Kuma na san wurin. Tun zuwanmu na farko na huda wani ɗan tudu a bayan gidan, kusa da wata ɗorawa, na ga irin ƙasar da ke nan.

Sai na shiga ja masa rai. Duk sanda aiki ya kai ni Jugu, in biya ta wurinsa da tariyer, mu nufi gangare. In huda, in zaro, in nuna masa. Ko da rani ne ƙasa ba ta ɓoye inda ruwa ke kwana: za ka ga ɗigo-ɗigo kamar tsatsa, da toka-toka a tsakani. In ce, "Ka gani, Baba? Nan ma yana hawa." Ya ce, "Ash! Mu gwada can." Ban taɓa yi masa ƙarya a kan abin da ƙarfe ya zaro ba, wuraren da na san amsarsu kawai nake kai shi. Shi kuwa ya murmure, ya yi kumatu, yana bina da sanda yana riƙe mini leda. Ya koyi tofa yawu ya murza. Har gardama yake yi da ni a kan launi, ya ce wannan ba ja ba ne, goro ne da aka tauna. Muka ci wannan rani, muka ci damina, muka shiga wani ranin, na huda gangaren nan kamar rariya.

Ran nan na iso da hantsi na tarar ya riga ya shirya. Ya karɓi tariyer daga hannuna ya saɓa a kafaɗa ya ce, "Yau tudu za mu." Na ce, "Baba, akwai wani wuri can wajen rafi da ba mu duba ba." Ko waiwayowa bai yi ba. Na bi shi har gindin ɗorawar. Ya nuna da ƙafa ya ce, "Nan."

Na kafa ƙarfe na murɗa. Na zaro, ja. Na ƙara, ja. Na ƙara har hannun ƙarfen ya kusa taɓa ƙasa, duk ja ce wur, mai laushi, tana warwatsewa kamar garin dawa. Ya tsuguna ya ɗebi ta can ƙasa, ya murza, ya juya ta ga rana yadda na koya masa.

"Ba tsatsa, ba toka," ya ce. "Ko idona ne?"

Da na so, ina iya cewa alamar ruwa tana can ƙasa inda ƙarfe bai kai ba. Da ya yarda, ko ya yi kamar ya yarda. Amma ku ji da kyau, ku masu son takarda ta fito da wuri: a aikin nan abin da ka faɗa wani zai shuka a kai, wani ya yi gini a kai, wani ya kwanta a ciki. Sai na faɗa masa gaskiya.

"Ba idonka ba ne, Baba. Nan ruwa ba ya hawa."

Ya yi murmushi. "Na daɗe da sanin kin sani. Yawon ne yake mini daɗi, shi ya sa na ƙyale ki." Ya ɗauki sandarsa ya zura a hudar ya bar ta a tsaye, ya dafa kafaɗata muka gangaro. Ranar ma ya ci abinci, na zauna sai da na ga ya cinye. Bayan nan ina yawan kiran Ilyasu, kullum ya ce lafiya lau, yana nan yana faɗa da jikoki. Har hankalina ya kwanta.

Tsakiyar daminar da ta biyo, irin ruwan nan da ake kwana a wuni ana yi, har gidaje suna faɗuwa a Zongo, ina labo ina tankaɗe samfuri waya ta yi ƙara. Ilyasu ne. Ina jin ruwa yana dukan kwano a bayansa.

"Madam, Baba ya cika da safen nan."

Na yi salati, na yi masa ta'aziyya. Sai ya ci gaba.

"Mutane sun ce a kai shi Jugu, wai a wannan ruwa duk inda aka sara a ƙauyen nan ruwa za a tarar. Na ce a'a, inda sandar take. Ya bar mini wasiyya, ya ce in an tona in kira ki in faɗa miki abin da muka gani, wai ke ba za ki zo ki duba ba."

Na ce, "Ina jin ka."

"Ja ce har ƙasa, Madam. Ƙura ma take yi."